Sunanka a Jikin Allo: Salo da Ubangida a Wasan Zamiya



Yau za mu ɗan rufe littafi mu leƙa titi. Wasan da za mu yi magana a kansa ba namu ba ne, galibinmu a waya muka san shi: yaro ya taka allo mai ƙananan tayoyi huɗu, ya tura da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle allon ya bi shi kamar an liƙa masa a tafin ƙafa. Mu kira shi wasan allon zamiya. A Kalifoniya ta Amurka ya tashi, a hannun masu hawan igiyar ruwa da ke neman abin yi ranar da teku ya kwanta. Abin da ya ja mu gare shi shi ne yadda 'yan wasan suke jayayya a kan salo, da yadda maganar salon ta cakuɗe da maganar wanda yake biyan kuɗi. Wannan kuwa ciwo ne da mu ma yake cin mu.

Ɗan ƙwallo yana da kulob. Ɗan zamiya ba shi da kulob, kamfanoni ne iyayen gidansa: mai yin allo, mai yin taya, mai takalmi, mai tufafi. Kuma hawa-hawa ake yi. Da farko shagon unguwa ya riƙa yi maka ragi. Daga nan wani kamfani ya fara aiko maka kaya kyauta, ba albashi, ba alkawari. In an ga kana da gaba sai a sa ka a tawaga, a yi tafiye-tafiye da kai, hotonka ya fito a talla. Ƙololuwar ita ce ranar da aka buga sunanka a jikin allo, ka fara karɓar kamasho a kan kowane guda da aka sayar. Kuɗi mai kauri kuwa galibi a wajen masu takalmi yake. Duk wannan yana iya wargajewa ranar da gwiwa ta ƙi.

To, me kamfanin yake saya? Mutum zai zaci kofi ne. Amma akwai ƙwararru da dama da ba su damu da gasa ba, kuma suna cin abinci. Hajarsu ita ce bidiyo: minti uku ko huɗu da mutum zai shafe shekara ɗaya ko biyu yana ɗauka, yana faɗuwa, yana tashi, masu gadi suna korar sa daga ƙofar banki zuwa matakalar makaranta. Mujallar Thrasher, wadda aka kafa a San Faransisko a 1981, tana fitar da gwarzon shekara tun 1990, kuma bidiyon mutum yana da nauyi a wajenta fiye da makin alƙalai. Akwai wani ɗan New York, Gino Iannucci, da masoyansa suke cewa sun fi son su ga yana tura allo kawai a kan su ga wani yana juyi goma a sama. Turawa fa, abin da kowane yaro yake koya a ranar farko. Yadda kafaɗarsa take, inda hannunsa yake sauka, wannan ake biya.

Mu tsaya a kan mutum biyu, domin a kansu ne maganar ta fi fitowa fili. A shekarun 1980, lokacin da ake yin wasan a cikin wani kwari mai siffar rabin ganga, Tony Hawk da Christian Hosoi ne suka raba 'yan kallo gida biyu. Hosoi yana tashi sama sosai, gashi yana kaɗawa, har yakan cire allon daga ƙafa ya buɗe hannuwa a iska. Kowa ya yarda shi ne mai salo. Hawk kuwa siriri ne, dogo, ya zama ƙwararre yana ɗan shekara 14, kuma an daɗe ana masa ba'a cewa kamar inji yake, dabaru ne kawai babu daɗin kallo. Abin da masu ba'ar ba su duba ba shi ne dalilin da ya sa yake wasa haka. Yana yaro ba shi da nauyin da zai cilla shi sama kamar manya, sai ya koyi buga allon ya tashi da shi tukuna, sannan ya kama shi da hannu a sama. Rashin ƙarfi ne ya haifi hanyar, kuma daga baya hanyar ta zama ta kowa. A ganinmu Hawk ma mai salo ne, idon zamanin ne bai waye da shi ba. Mu lura kuma, kamfaninsa, Powell-Peralta, bai ce masa ya koma kwaikwayon Hosoi ba, ko da yake a lokacin da yawa sun fi son ganin Hosoi.

Sai kasuwa ta juya. A farkon shekarun 1990 yara suka bar kwari suka koma titi, suna bin sahun irin su Mark Gonzales da Natas Kaupas, waɗanda suka mai da benci da ƙarfen dafawa na matakala filin wasa. Bidiyon Video Days na 1991, wanda Spike Jonze ya shirya, ya nuna inda iska ta dosa. Taurarin kwari suka wayi gari allunansu ba sa tafiya. Hawk da kansa ya sha ba da labarin yadda kuɗin shigarsa ya yi ta zaizayewa har ya koma ƙididdige kuɗin abincinsa na yini. Bai bar kwarin ba. Ya kafa kamfanin Birdhouse a 1992, ya jira, kuma a 1999 ya yi juyi biyu da rabi a sama a gasar X Games, duniya ta sake waiwayo shi.

Rodney Mullen wata hanyar ya bi. Shi a fili mai laushi yake wasa, shi kaɗai da allonsa, ya ci gasa 34 cikin 35 da ya shiga. Shi ne ya sauko da tsallen da ake kira oli daga kwari zuwa ƙasa, shi ya ƙirƙiro wulwula allo da ɗan yatsan ƙafa. Da fanninsa ya mutu murus, sai ya ɗauki kayansa ya shiga titi, ya fito a bidiyon kamfanin Plan B a 1992. Wuri ya sauya, amma duk wanda ya ga ƙafafun ya san na Mullen ne. Ɗaya ya tsaya, ɗaya ya yi ƙaura, dukkansu suna da wani abu da ba a ofishin kamfani aka ba su ba. Waɗanda suka gina kansu a kan abin da kasida ta wannan shekarar take so kuwa, da kasidar aka tattara su.

Kada a ji kamar muna zagin ubangida. Ba mu isa ba. Stacy Peralta ne ya tara Hawk da Mullen da Steve Caballero a tawaga ɗaya, ya sa musu kyamara a 1984, yaran wasu ƙasashe suka gan su a kaset. In ba don wannan ba, wataƙila Mullen ya ƙare a garejin gidansu a Fulorida. Mu ma mun san wannan a gida: Narambaɗa yana da fadar Isa a bayansa, kuma fadar ba ta rage masa zurfi ba. Ubangida yana ciyarwa, yana kai ka inda ƙafarka ba za ta kai ba. Abin da muke musu a kai shi ne a ce shi yake haifar da salon. Peralta kansa, yana yaro a tawagar Zephyr, da su Jay Adams da Tony Alva suka je gasar Del Mar a 1975 suna durƙusawa ƙasa-ƙasa suna shafar kwalta da hannu, alhali sauran suna tsaye ƙyam. Daga bakin tekun unguwarsu suka zo da wannan. Kamfanoni daga baya suka biyo da takardar kwangila.

Yanzu wasan ya shiga Olamfik. A Tokiyo a 2021 Yuto Horigome ya ci zinare, Momiji Nishiya ta ci nata tana da shekara 13, kuma Horigome ya maimaita a Faris a 2024. A waɗannan gasanni an ba mutum daƙiƙa 45 sau biyu, sannan dama biyar ta gwada dabara guda, alƙalai suka ba da maki. Ba ma raina waɗannan yara, abin da suke yi ya wuce hankali. Amma inda maki yake, can ƙafa take karkata. Yaron da ya san wace dabara ce ke kawo casa'in ba zai ɓata wata shida yana gyara yadda yake sauke hannu ba.

Nan ne abin ya iso ƙofarmu. Mu nawa ne muke zama mu karanta labaran da suka ci gasa bara don mu gano bakin zaren alƙalai? Mu nawa ne muke ja wa labari babi tamanin saboda babi-babi ake biya, ko muke cusa attajiri da 'yar talaka saboda an ce shi ke tafiya? Ba mu ce a ƙi kuɗi ba, marubuci ma yana sayen data, yana biyan haya. Amma akwai marubuciyar da jimlolinta gajeru ne saboda a waya take rubutu tsakanin girki da goyo, akwai wanda Hausarsa ta Sakkwato ce ko ta Damagaram ake ce masa ya goge ta ya dawo ta Kano. Wannan shi ne siririn jikin Hawk. Mu kuwa sai mu yi ta neman ɓoye shi don mu yi kama da wanda aka riga aka ɗauki nauyinsa.

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Vans ya fitar da takalmi mai dogon wuya da sunan Caballero, wanda ya dace da wasan kwari. Yaran titi suka saya, suka ga wuyan yana hana idon sawu motsi, sai suka sa almakashi suka datse shi, suka naɗe bakin da salatif. Caballero ya gani, shi ma ya datse nasa, ya kai wa kamfanin magana. A 1992 aka fito da Half Cab, mai rabin wuya, daidai inda almakashin yaran ya bi. Har yau ana sayar da shi.