Kafin ka ce wa mai ciwon damuwa ya zubar da maganinsa

Jiya da daddare aka sake turo min wani bidiyo, karo na uku ke nan a wata guda. Wani bawan Allah ne zaune gaban kanta cike da kwalabe, yana rantsuwa wai ciwon damuwa ba ya buƙatar asibiti, maganin Bature guba ne, zuma da habbatus-sauda da zogale sun wadatar, duk mai shan ƙwayar likita ya zubar da ita. Na so in wuce kamar yadda na saba, amma na kasa, don wannan maganar ta taɓa shigowa har cikin gidanmu, kuma mun ga abin da ta haifar.

Ƙanwata ce. Da izininta nake ba da labarin, suna ne kawai ba zan kama ba. Bayan haihuwarta ta biyu, tun ba a yi arba'in ba muka ga ta canza. Ba barci, ba cin abinci, ga kuka ba dalili, jariri na tsala ihu tana kallonsa kamar ɗan maƙota. Aka ce wahalar jego ce. Aka ce iska ce. Sai ranar da ta ce wa mijinta ita fa gara ta mutu kowa ya huta, sannan hankali ya tashi aka kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya ɗora ta a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum. Wajen mako na biyar muka fara ganin mutuniyarmu tana dawowa, har tsokanata ta koma yi.

Ana haka sai ga Gwaggo ta zo ganin jariri, ta hangi kwalin magani a kan madubi. “Ke yanzu da ƙuruciyarki za ki zama ’yar ƙwaya? Ai kin warke. Ajiye abin nan, ni zan haɗo miki na gargajiya.” Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, ba wanda ya kai ta son yarinyar nan. A rana ɗaya ƙanwata ta daina sha, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kwana uku sai jiri, tashin zuciya, da wani abu da ta ce kamar lantarki ke fizgar ta a ka. Gwaggo ta ce kun gani ko, gubar ce ke fita. Ba a rufa wata biyu ba ciwon ya dawo, ya ma fi na farko.

To kada a fahimce ni a baibai. Ni ba na raina abinci, kuma masu cewa abinci yana da alaƙa da halin zuciya ba ƙarya suke ba. A 2017 wasu masu bincike a Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Felice Jacka, sun gwada abin a kan mutum 67 masu ciwon damuwa. Kashi ɗaya aka koya musu gyara cimarsu na mako 12: hatsi da ba a cashe ba, wake, ganye, kifi, man zaitun, a rage zaƙi da soye-soye. Ɗaya kashin kuma zama kawai ake yi da su ana hira. Kusan ɗaya cikin uku na ’yan gyaran abinci ciwon ya lafa musu, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan binciken masu tallan “na ɗabi'a” suke yawan kafa hujja da shi. Abin da ba sa faɗa shi ne, mafi yawan mutanen nan suna kan magani ko suna ganin likitan halayya a lokacin, kuma ba wanda aka ce ya daina. Ƙari aka yi musu a kan abin da suke kai. Sannan mutum 67 ai ko ɗaurin auren unguwa ya fi haka jama'a.

Motsa jiki ma hujjarsa ta fi ta abinci ƙarfi. Tafiya, sassarfa, fita rana, barci a kan lokaci, zama cikin mutane, duk suna taimakawa sosai, kuma ga wanda nasa ciwon bai yi tsanani ba, likitoci da kansu sukan fara da waɗannan da kuma zaman tattaunawa kafin su rubuta ƙwaya. Mu Musulmi kuma mun san talbina, kunun sha'ir ɗin nan da ya zo a hadisin Nana A'isha ana ba mai baƙin ciki. A dama a sha, alhamdulillahi. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce wanda ya sha talbina haramun ne ya je asibiti ba.

Matsalar ita ce, wanda ciwon ya kayar da gaske ba ya iya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙanwata a lokacin wanka ma sai an yi da gaske. Ka ce mata ta fita tafiyar minti talatin ta dawo ta dafa wake da alayyahu, daidai yake da ka ce wa mai karaya ya taka ƙafar don ƙashi ya yi ƙwari. Maganin ne ya ɗaga ta har ta kai inda za ta iya cin abincin da yin tafiyar.

Shi ma maganin asibitin ba zan yi masa kwalliya ba. A 2018 mujallar Lancet ta fitar da wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, mutum sama da dubu ɗari. Dukkansu sun fi ƙwayar bogi aiki, amma tazarar matsakaiciya ce, ba irin ta sha yanzu magani yanzu ba. Wani na farko ya karɓe shi, wani sai an canza masa sau biyu ko uku. Yana ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa, alhali illolinsa su ne ke fara sallama: tashin zuciya, bushewar baki, nauyin jiki, wani ƙiba, wani kuma raunin sha'awa, wanda kunya ke hana mutanenmu faɗa sai dai kawai su daina sha. Ko tsohon bayanin nan da ake yi cewa ciwon damuwa ƙarancin sinadarin serotonin ne kawai a ƙwaƙwalwa, wani nazari na 2022 ya nuna ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja. Sai dai rashin sanin takamaiman yadda magani ke aiki daban, rashin aikinsa daban. An daɗe ana shan asfirin kafin a gano yadda yake kashe ciwo.

Kuma a nan ina da ƙorafi a kan ɓangaren asibiti. Ranar da aka rubuta wa ƙanwata magani, duka-duka ba ta yi minti goma a gaban likita ba, layi ya yi tsawo. Ba wanda ya ce mata ko kin ji sauƙi ki ci gaba, yawanci aƙalla wata shida. Ba wanda ya ce mata ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Ba wanda ya bambance mata shi da su tramol da kodin, cewa wannan ba ya sa maye kuma ba a jin ƙishirwarsa, jiki ne dai ke sabawa da shi. Da an faɗa mata, da ta sami abin da za ta amsa wa Gwaggo. Mai kwalabe kuwa zai ba ka awa guda, ya saurare ka, ya kira ka ɗan'uwa. Ba na ɗora laifin duka a kan likitan, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 amma likitocin ƙwaƙwalwarta ’yan ɗaruruwa ne, wasunsu ma sun tafi Ingila da Saudiyya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, har yanzu talaka bai gan ta a ƙasa ba.

Sai batun cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Zaƙami ma tsiro ne. Akwai wani ganye da ake kira St John's wort, ana sayar da shi a kwalba a matsayin maganin damuwa, kuma yana ɗan aiki ga mara tsanani. Amma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan HIV, in kuma aka haɗa shi da maganin damuwa na asibiti yana iya jawo mummunar illa. Wannan ma an san abin da ke cikinsa ke nan. Ina ga haɗin da aka ɗura a gorar ruwa, ba suna, ba awo, ba lambar NAFDAC? Kuɗinsa kuma sau tari ya ninka na amitriptyline, tsohon maganin nan mai araha da ke kusan kowane kemis (ba cewa na yi a je a saya ba tare da likita ba, shi ma yawansa kisa yake).

Abin da nake roƙo ƙarami ne. In ɗan'uwanka ya yi mako biyu ko fiye ba walwala, abin da yake so da ya fita ransa, barci da ci sun rikice, a kai shi a duba. Wani lokacin ma ƙarancin jini ne ko matsalar maƙoƙo, gwaji ne zai nuna. In ya fara zancen mutuwa ko cewa ya zame wa mutane kaya, ranar za a tafi, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, ga sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. A yi addu'a, a ba shi zumar, a dafa zogalen, a ja shi yawo da yamma. In maganin bai karɓe shi ba, a koma wa likita a faɗa masa ƙarara, har da abin da ake jin kunya. Hukuncin dainawa dai a bar wa shi mara lafiyan da likitansa.

Ƙanwata ta koma kan magani, wannan karon sai da aka canza mata wani. Yanzu wata na bakwai ke nan, likita ya ce in an ga yadda ake so za a fara ragewa bayan Sallah. Gwaggo har gobe duk Juma'a sai ta aiko da kwaɗon zogale, kuma tas ake cinyewa. Makon jiya da na leƙa na tarar da su biyun a tsakar gida, sai na ji Gwaggo na tambayarta ƙasa-ƙasa, “Kin dai sha na yau ko?”