HARKOKIN GIDA: Kyanwa Da Bargon Gashin Agwagwa

Akwai wani irin bargo da ya shigo gidajen mutane ta hanyar dilolin gwanjo, wanda akan samu a kasuwanni irin su Katangowa ta Legas da Taminus ta Jos da Sabon Garin Kano. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma wanda ya lulluɓa da shi a daren hunturu ba ya neman wani a kansa. Asalinsa na ƙasashen sanyi ne, kamar Jamus da maƙwabtanta, kuma abin da aka cusa a cikinsa shi ne lallausan gashin nan da ke kwance a ƙirjin agwagwa da dinya, ƙarƙashin manyan gashin da ido ke gani. Ɗumin da yake bayarwa daga iskar da ke maƙale tsakanin silin gashin yake fitowa. Ranar da gashin ya dunƙule, iskar ta tafi, bargon ya zama buhun tsumma.

To, kyanwa ma ta san daɗinsa. Mage da ake ajiyewa domin ɓera, wadda kowa ke ɗauka kyanwar Lami ce, wata rana sai a wayi gari ta yi fitsari a tsakiyar wannan bargo. A nan ne yawancin matan gida ke yin asara, kuma sau da yawa wankin ne ke kashe bargon tun kafin fitsarin ya gama nasa.

Zarnin fitsarin kyanwa ya fi na sauran dabbobin gida naci, kuma da dalili. Kakanninta dabbobin busasshiyar ƙasa ne, saboda haka ƙodarta ta saba tattalin ruwa, fitsarin kan fito kaɗan amma da kauri. Idan ya kwana, ƙwayoyin cuta su juya wani sashensa ya zama amoniya, watau warin nan mai hawa ka. Bayan wannan akwai wani sinadari da ake kira felinin, wanda wani masani mai suna Westall ya gano a 1953. Shi da kansa ba shi da wari, amma yana rushewa a hankali yana sakin wani abu mai farar wuta a cikinsa. Wannan ne ya sa fitsarin jiya ya fi na yau ɗoyi, kuma na muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi kowanne, domin shi ya fi yawan felinin.

Wahalar ita ce, duk abin da ke da ƙarfin kashe zarnin yana da ƙarfin kashe gashin. Gashin tsuntsu danginsu ɗaya da gashin kan mutum da farce, kuma yana da ɗan maiƙo na halitta wanda ke hana shi karyewa. Ruwan bilic yana cinye shi, ban da cewa idan ya haɗu da amoniyar fitsari yana tayar da tururi mai cutar da huhu. Kanwa da sabulun salo suna kwashe maiƙon. Garin sabulun wanki na zamani kuwa galibinsa akwai sinadarin inzayim a ciki, wanda aikinsa narkar da tabon jini da na ƙwai, kuma ba ya bambanta tabon da gashin agwagwa. Ko masu wankin kwat ba ruwa, maganin da suke aiki da shi maiƙo yake ɗauka, fitsari kuwa ruwa ne ke tafiya da shi. Sai a biya kuɗi, a karɓo bargo ya bushe ƙayau yana zarni. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Idan an gani tun yana ɗanye, aikin da sauƙi. A cire rigar bargon a wanke ta daban. Yawancin waɗannan barguna an ɗinke su gida-gida ne, don haka sai a ɗaga wurin a karkaɗe gashin da bai jiƙe ba ya koma gefe. A sa busasshen tawul sama da ƙasa a danna, a sake wani a danna, kada a goga, gama guga tana ƙara tura fitsarin ciki. Sa'an nan a kwarara ruwan sanyi ta bayan ƙyallen har sai ya fito fari. Ruwan khal da aka surka da ruwa daidai wa daida yana kwantar da amoniyar. A bar shi kamar minti 15 a ɗauraye.

Wanda ya kwana ya ratsa gashi kuwa, ba makawa sai an wanke bargon duka. A sami babban baho, a zuba ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai wuce digiri 30 ba, da sabulun ruwa marar kaifi, irin na wankin gashin jarirai idan ba a sami wanda aka yi musamman domin gashin tsuntsu ba. Kaɗan ya isa. A nutsar da bargon, a riƙa dannawa da tafin hannu ana saki. Ɗauraya ita ce rabin aikin: sau huɗu, sau biyar, har ruwan ya daina kumfa, domin sabulun da ya rage shi ke manne gashin. Ga mai kula da tsarki akwai ƙarin dalili, gama a mazhabar Malikiyya, ko da yake ragowar ruwan da kyanwa ta sha mai tsarki ne, fitsarinta najasa ne, kuma ruwa zalla ke gusar da hukuncinsa, ba khal ba. Kada a murɗa bargon wajen matsewa, kada kuma a ɗaga shi ta kusurwa ɗaya yana jiƙe, nauyin ruwan yana yaga ɗinkin ciki. A naɗe shi a danne, a ɗauko shi kamar jariri.

Akwai magungunan inzayim da ake sayarwa musamman domin fitsarin dabbobi. Ga tsohon zarni da ya ƙi jin wanki, a yi amfani da su sau ɗaya, a wurin kaɗai, na ɗan lokaci, a ɗauraye sosai. Ɗan lahanin da za su yi wa gashin ya fi jefar da bargo.

Shanya ita ce inda haƙurin mutane ke ƙarewa. Jiƙaƙƙen gashin agwagwa yana da ƙarni nasa na kansa, har uwargida ta zaci fitsarin ne bai fita ba ta sake mayar da shi baho, alhali kuwa bushewa kawai yake jira. A shimfiɗa shi a kwance inda iska ke wucewa, ba a rataye a igiya ba, a riƙa juya shi ana warware dunƙulen da yatsu bayan kowace sa'a biyu ko uku. Da hunturu kwana biyu zuwa uku yakan isa. Da damina, ko a garuruwan bakin teku, gara a kai shi inda ake da injin busar da kaya, a sa zafi kaɗan, a jefa ƙwallon tanis biyu ko uku su riƙa bugunsa. Ƙyallen waje yakan bushe tun ciki na da laima, wanda ya naɗe shi a haka zai buɗe ya tarar da funfuna, ita kuwa ba ta da magani. Matashin audugar rimi hukuncinsa daban: ba a wanke shi, sai dai a farke, a zubar da audugar da ta jiƙe, a wanke ƙyallen, a cusa sabuwa.

Saura ita mai laifin. Kyanwa dabba ce mai binne bayan gidanta, idan ta bar ƙasa ta hau gado akwai abin da ya kore ta: ko wurin yashinta ya ƙazantu, ko wata baƙuwar mage ta shigo gidan, ko kuwa ciwon mafitsara. Duka ba ya gyara ta, tsoro ma ƙara abin yake yi. Hancinta ya fi na mutum nesa ba kusa ba, muddin da sauran zarni za ta koma, don haka a rufe mata ɗakin har bargon ya gama bushewa. Fiɗiya tana hana kimanin tara cikin goma na muzurai fesa fitsari. Amma muzurun da aka ga yana tsugunno yana nishi, fitsari na ɗigowa kaɗan-kaɗan ko da jini, mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma wannan kan kashe shi cikin kwana biyu ko uku. A ajiye wankin bargo a kai shi asibitin dabbobi a ranar.