Ƙwallon ƙafa a Jazira bayan yaƙi: wane ɗan wasa ya kamata a fara nema?

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Wad Madani daga hannun dakarun RSF a watan Janairun 2025, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na jihar Jazira ke da aikin sake gini a gabansu. 'Yan wasa sun watse, kuɗi kuma babu. Al-Hilal da Al-Merrikh sun samu mafaka a gasar Mauritaniya a kakar 2024/25, daga baya suka koma ta Ruwanda. Ƙananan ƙungiyoyi ba su da wannan gata, balle na ƙauyukan Hausawa da ke bakin Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno a jihar Sennar. Idan lokacin rajistar 'yan wasa ya zo, wanda Sudanawa ke kira tasjilat, abin da ke aljihu ba ya wuce na mutum ɗaya ko biyu. To wa za a fara ɗauka?

Magoya baya dai ɗan wasan gaba suke so, don shi ake yi wa tafi. Sai dai sakamakon tawagar ƙasar a ƙarƙashin Kwesi Appiah, ɗan Ghana, bai goyi bayansu ba. A wasannin neman gurbin Kofin Afirka na 2025, Sudan ta ci ƙwallaye 4 kacal a wasa 6. Nijar, da ke rukuni ɗaya da ita, ta ci 7, har da 4 da nema da ta zura wa Sudan ɗin a Nuwamban 2024. Amma Sudan ce ta tafi Maroko da maki 8, Nijar ta tsaya a 7, Ghana na can ƙasa. Duka makin takwas sun fito ne daga wasanni huɗu da ba a zura wa Sudan ko ɗaya ba.

Irin wannan tsaro ba aikin mai tsaron raga kaɗai ba ne. Yana farawa daga ɗan wasan tsakiya da ke tsaye gaban masu tsaron baya, wanda a Sudan ake ce wa mihwar: ya tare hari, ya ƙwace ƙwallo, sannan ya miƙa ta gaba. Aiki biyu a wuyan mutum ɗaya, kuma ba kasafai ake rera sunansa ba.

Masu ƙwallon zari-ruga ta Amurka sun daɗe suna gardama kan irin wannan mai aiki biyu. Nasu shi ne ɗan gefen sahu, wanda ke tare abokan hamayya kamar ƙato, ya kuma cafe ƙwallo kamar mai gudu. Kowace shekara ƙungiyoyin NFL na zaɓen matasa daga jami'o'i a zagaye bakwai. A 2021 Atlanta ta ɗauki Kyle Pitts a matsayi na 4, abin da ba a taɓa yi wa mai wannan gurbi ba, amma shekaru huɗu suka wuce ba ta kai wasannin fitar da gwani ba. Travis Kelce kuwa sai a zagaye na uku Kansas City ta ɗauke shi a 2013, ya kuma ci kofi uku da ita. George Kittle a zagaye na biyar aka samo shi a 2017. Gurbin na da muhimmanci ƙwarai, amma ba tsadar ɗauka ke samar da gwaninsa ba. Rainonsa ake yi.

Wannan ya fi dacewa da halin da Jazira ke ciki. Duk ɗan wasan gaban da ya yi fice a Wad Madani, idon Hilal da Merrikh na kansa, kuma ƙaramar ƙungiya ba za ta iya ja da su kan farashi ba. Mihwar kuwa ba a cika rububinsa ba. Ana iya samo shi cikin samarin gari, a ba shi kwantiragi mai ɗan tsawo da kaka biyu ta koyo. Shi ya cancanci gurbin farko a rajista, ko da ba shi zai ɗauki kuɗi mafi tsoka ba.

Akwai inda wannan dabara ke tsayawa. A Maroko, ƙwallo ɗaya tak Sudan ta samu a wasannin rukuni uku, ita ma ɗan wasan Equatorial Guinea ne ya ci gida, kafin Senegal ta fitar da ita da ci 3 da 1. Mai neman kofi dole wata rana ya sayi mai cin ƙwallo. Amma ƙungiyar da ke fafutukar kada ta faɗi daga rukuninta a Jazira ko Sennar ba ta kai wannan matakin ba tukuna, kuma canjaras ma maki ɗaya ne a teburi.