Daga Bakin Turke: Tunkuza Ta Yi Yawa, Man Shanu Ya Gudu

 

A zaman asusunmu na baya, wata ƴar uwarmu ta kawo kuka. Ta ɗauki bashi a akwati ta sayi saniya mai tatsa, da niyyar ta riƙa biya da kuɗin man shanu. Da yake ita mai matsar man gyaɗa ce, sai ta dinga cika wa saniyar ƙwarya da tunkuza da tsakin gero, harawa kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Nono bai ragu ba, amma in ta kaɗa, man da ke tashi bai kai na da ba. Ta ce, "Ni da na ba ta mai, yaya za a yi mai ya ɓace?"

To, ga yadda abin yake. A cikin hantsar saniya akwai wasu ƴan aiki da ido ba ya gani, masana na ce musu enzayim. Su ne ke ƙera wani babban kaso na man da ke cikin nono, kuma kayan aikinsu daga ciyawa da harawa suke zuwa, bayan ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi sun narka su. Man gyaɗa da na gurya da na riɗi kuwa suna ɗauke da wani sinadari mai suna linoleyik. In tumbi na lafiya, ƙwayoyin nan suna sarrafa shi ba matsala. Amma in hatsi ya yi yawa, harawa ta yi kaɗan, tumbi sai ya yi tsami, su juya shi ya zama wani sinadari dabam. Shi ne ke bin jini ya isa hantsa, ya rage yawan ƴan aikin nan. Masana a jami'ar Cornell ta Amurka ne suka gano shi a shekarar 2000. In abin ya yi tsanani, man nono na iya raguwa da rabi.

Saniya ta fi kamuwa da wannan. Akuya ta fi ta juriya, har ma ɗan mai a abincinta yakan ƙara wa nononta maiƙo. Masu jar akuyar Maraɗi, kun ji taku.

Masu turkar ragon layya ma a kula. Yawan mai yana kashe wa ƙwayoyin tumbi ƙarfi, harawa ta ƙi narkewa, rago ya rage ci. Ma'aunin da masana kiwo ke bayarwa shi ne kada mai ya wuce kamar kashi 6 cikin 100 na busasshen abincin dabba. Mu tuna, tunkuzar da muka matse da hannu ta fi ta inji sauran mai a jiki.

Saboda haka, harawa ko ciyawa ita ce tuwo, tunkuza miya ce. A fara ba da harawa, sannan a kawo tunkuza gauraye da dusa, a raba ta safe da marece. Sabon abinci a shigo da shi kaɗan-kaɗan, cikin mako biyu. Tunkuzar da ta yi funfuna kuma a zubar, don dafinta na bin nono har cikin ƴaƴanmu.

Ƴar uwarmu ta rage tunkuza, ta daina ba da tsaki, ta sayo harawar wake. Irin wannan gyara yakan nuna cikin mako biyu zuwa uku, shi ya sa ƙungiya ta ɗaga mata biyan wata ɗaya. Tunkuzar da ta rage kuwa ta koma ƙuli-ƙuli, ana sayarwa a ƙofar gida.

Allah ya sa albarka a turakunmu. Sai fitowa ta gaba.