Martani Ga Masu Cewa Ina Kashe Kasuwar Shafin Roba A Damagaram

Tun da na shawarci masu sayen mota a Damagaram su yi hattara da duk tsohuwar motar da aka feshe ƙasanta da baƙin shafin roba, wasu dillalai da masu fenti suke ta jifa na da zargi. Abokan zama ne, wasunsu ma sun girme ni, don haka sun cancanci amsa dalla-dalla. Zarge-zargen nasu huɗu ne.

Na farko: wai na kira su maha'inta

Alhazai, ban kira kowa da wannan suna ba. Abin da na ce shi ne, baƙin shafi yana rufe wa mai saye ido, ko da wanda ya fesa shi bai yi niyyar cuta ba. Yawancin motocinmu tsofaffi ne da aka sauke a Kwatano ko Lome, bayan sun yi shekaru a Turai, Amurka ko Kanada, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Gishirin nan yana cin ƙarfe. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka, saboda tsatsar da ta ci ƙashin motocinsa ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia kusan miliyan 1.5. In har haka ta samu Toyota da muke alfahari da ƙarkonta, me zai hana mai saye a Zangon Damagaram ya nemi ganin ƙarfe da idonsa? Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar kawo mota ta ƙara nisa da wahala. Wanda ya tara kuɗinsa shekara da shekaru yana da haƙƙin sanin abin da ke ƙarƙashin baƙin, kuma addininmu ya hana ɓoye aibin haja.

Na biyu: wai ai kamfanin da ya ƙera motar ma yana shafawa

Gaskiya ne, amma a kan wane irin ƙarfe? A masana'anta ana tsoma gangar jikin motar dungurungum cikin ruwan sinadarin kariya, a gasa ta a tanda, sannan a shafa robar a kan sabon ƙarfe mai tsabta wanda bai taɓa ganin ruwan titi ba. Mu kuwa a nan ana fesawa ne a kan ƙura da maiƙo da tsatsar da ta riga ta kama. Tsatsa abu uku take bukata: ƙarfe, ruwa da iska. Idan robar ta tsufa, zafin bazara da girgizar hanya sun tsattsaga ta, ruwa yana shiga ta tsagar ya kwanta tsakanin roba da ƙarfe, ya rasa hanyar bushewa. Daga waje baƙi wuluk, daga ciki ƙarfe na zuba kamar gari. Ɗaure gyambo ne ba tare da an wanke shi ba. Ƙari a kan haka, ƙashin mota daga cikin kogonsa yake fara ruɓewa, inda feshi ba ya kaiwa, kuma mai fesawa cikin gaggawa yakan toshe 'yan ƙofofin da aka bari don ruwa ya tsiyaye.

Na uku: wai ina tsorata mutane, alhali ƙasarmu busasshiya ce

Ruwan da ake samu a Damagaram a shekara bai wuce kimanin milimita 400 ba, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Wannan hujja ce a gare ni. Motar da ƙasanta yake a buɗe, ko ta keta kududdufi da safe, kafin la'asar ta bushe. Bushewar nan ita ce babbar kariyarmu, kyauta Allah ya ba mu. Robar da ta tsage ita ke ƙwace mana ita. Kuma daminarmu ba abar rainawa ba ce: a Satumban 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, motoci kuma suka yi ta nutso a titunan gari. Lakar da ta maƙale a bayan roba a irin wannan lokaci tana riƙe danshi bayan titi ya daɗe da bushewa. Motar da ke dakon gishirin Bilma kuwa haɗarinta ya fi na kowa.

Na huɗu: wai kushe kawai na iya, zan hana su cin abinci

Ban ce a jefar da shafin roba ba. Yana da gurbinsa. A rumbun taya, inda tsakuwar hanyoyin karkara ke feffeƙe fenti, yana tare duka, yana rage ƙara. Amma da sharaɗi: a wanke, a kankare tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a yanke inda ya ruɓe a yi walda, a shafa fentin farko na maganin tsatsa, a bari ya bushe sarai, sannan a sa roba. Kada ta taɓa salansa, birki ko ƙofofin tsiyayar ruwa. Kogon ƙashi kuma maiƙon kariya mai kakin zuma ko makamancinsa yake so, wanda ke ratsa lungu. Baƙin man inji da wasu ke watsawa yairayi yake tarawa, yana kuma lalata robobin ƙafa. Aikin da na zayyana ya fi feshin gaggawa cin lokaci, ladarsa kuma ta fi tsoka. Mai fentin da ya ƙware a kansa ba zai rasa ciniki ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Roƙona ga dillalai, ku bar motar yadda ta sauka har mai saye ya kawo bakanikensa, a hau da ita kan rami, a ƙwanƙwasa ƙashinta da guduma, a soka sukundireba inda ake shakka. In an daidaita ciniki, mai ita ya zaɓi abin da za a shafa. Ƙashin da ya ruɓe yana iya karyewa da mutane a ciki a hanyar Tanut ko Magarya, kuma saboda wannan ne ba zan janye maganata ba.