Gyauro da Kufai Sun Ishe Mu

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, ƙorafi ne.

Jigayin nan da manoman ƙasar Daura ke shuka gero a kansu, iska ce ta tara yashinsu tun zamanin da hamada ta mamaye arewacin ƙasar Hausa, shekaru dubbai da suka shige. Wani Bature, A. T. Grove, ya yi rubutu a kan haka a 1958. Hamadar ta janye, ta bar sawunta. Shin wannan ba kufai ba ne?

Haka raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai. Da sun cika Afirka ta Yamma, amma a 1996 guda 49 kacal suka rage. Manomi ya san sunan abin da ya tsira bayan an girbe 'yan uwansa: gyauro.

To, don me malaman kimiyya ke sa yaranmu haddar kalmar Turawa, alhali ga tamu? A ce wa na ƙasa kufai, mai rai kuwa gyauro. Yaron da ya gane sunan abu shi zai ji tausayinsa har ya kare shi.

Allah Ya sa mu dace.