Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate



Ranka ya daɗe, Chigarin Misau, na rubuto maka ne kan yaranmu da ke karatun likita, waɗanda tun kafin a ba su shaidar kammalawa hankalinsu ya riga ya yi waje. Da bakinka ka faɗa a 2024 cewa likitocin da ke da lasisi a ƙasar nan kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekaru biyar. Waɗancan sun riga sun tafi. Damuwata tana kan na baya, masu zama a ajujuwan asibitocin koyarwa na Shika da Malam Aminu Kano da Sakkwato da Maiduguri, waɗanda littafin tiyata ke hannunsu na dama, tambayoyin jarrabawar PLAB ta shiga Ingila na cikin wayarsu.

Yaron da ya shiga aji ɗaya ba da niyyar gudu ya shiga ba. Yawancinsu in ka tambaye su, za su ba ka labarin wata gwaggo da ta rasu wajen haihuwa, ko asibitin garinsu da ba shi da likita. Niyyar tana sauyawa ne daga aji huɗu, lokacin da aka fara shiga da su ɗakunan marasa lafiya. A nan ɗalibi zai ga likita mai neman ƙwarewa, wanda ya shigo aiki tun safiyar Juma'a, har daren Asabar bai koma gida ba, don babu mai karɓarsa. Zai ga an yagi takarda an rubuta wa ɗan jinya safar hannu da sirinji da ledar ƙarin ruwa, ya ruga kemis ɗin bakin ƙofa ya sayo. Zai ga mai naƙuda jini na zuba, mijinta na waje yana ta buga waya neman wanda zai ba da jini, wuta ta ɗauke, ana haska ɗinki da fitilar waya. Ya karanta abin da ya kamata a yi wa matar nan, ya ci jarrabawa a kansa, ga shi tsaye yana kallo abin ya gagara saboda rashin kayan da ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya ga irin wannan sau da yawa, ya kuma dubi yayansa a sana'a ya ga yadda shi ma zai zama nan da shekara bakwai, ba sai wani ya zuga shi ba.

Batun kuɗi ma gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Karatun shekara shida ne a takarda, amma yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 kaɗai sun cinye wa ɗalibai fiye da shekara guda. Duk tsawon lokacin nan uba na biya, wani har gona ya sayar, ƙanne na jiran yayansu ya zama likita ya ɗauki nauyin makarantarsu. Sai ya fito ya tarar da albashin da faɗuwar naira ta lashe: dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin likita naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. Haɗarin kuwa ba na baka ba ne. A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Disambar 2023 aka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta yi kusan wata goma a hannun 'yan bindiga. Ɗalibai duk suna gani.

Mu a Arewa akwai wata ƙofar da ba a cika ambata ba, wato Saudiyya. Likitan da iyayensa za su yi ɗari-ɗari da tafiyarsa Landan, in ya ce Jidda ko Madina zai je, albarka za su sa masa, ga albashi, ga Umara kusa. A Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, masu ɗaukar ma'aikata don Saudiyya suka kafa teburi a wani otal a Abuja, likitoci suka yi cincirindo, har da manyan ƙwararru. Su ne fa malaman yaran nan. Kuma kafin a kai ga jirgi, hijirar tana farawa daga gida: daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa babban birnin jiha, daga na jiha zuwa na tarayya, daga nan Abuja ko Legas. Mai ciwo a ƙauyen Jigawa ko Yobe shi ne ya fara rasa likita, tun kafin Najeriya ta rasa shi.

Amsoshin da hukuma ta riƙa bayarwa sun ƙara wa yaran nan ƙaimi ne. A 2019 Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. A 2023 kuma Majalisar Wakilai ta yi wa wani ƙuduri karatu na biyu, wanda zai hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Na fahimci zafin da ya haifi ƙudurin, don da dukiyar talaka aka koyar da su, kuma talaka na da haƙƙi a kansu. Amma yaya za a ɗaure mutum a aikin da ba a ba shi ba? Sabon likita kan yi watanni yana neman gurbin horon shekara ɗaya da doka ta wajabta masa, in ya samu kuma ya yi ta bin albashinsa.

Na yaba da ƙara guraben ɗaukar ɗaliban fannin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000, da kuma manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya da Shugaban Ƙasa ya amince da ita a Agustan 2024. Sai dai, ranka ya daɗe, wa zai koyar da su? In aka ninka ɗalibai alhali malamai na raguwa, gadajen koyarwa da guraben horo na nan yadda suke, to ɗibar ruwa ake yi da kwando, kuma asibitocin Birtaniya da Saudiyya ne za su sha. A Abuja aka yi alkawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, har yau kasafin tarayya bai kusanci wannan ba.

Kai ka fi kowa sanin zuciyar yaran nan. A Zariya ka yi karatun likita, ka tafi Gambiya, ka wuce Amurka ka ƙware, ka yi aiki da Bankin Duniya. Ka dawo a 2008 ka riƙe hukumar kula da lafiya a matakin farko, sannan a 2023 ka haƙura da shugabancin ƙungiyar rigakafi ta Gavi da aka ba ka tun kafin ka kama aiki, ka sake dawowa. Babu dokar da ta tilasta maka. Ka dawo ne don ka ga akwai aikin da za ka iya yi, kuma an ba ka damar yin sa. Abin da ɗalibin aji shida ke nema ke nan, gwargwadon matsayinsa.

Don haka ina roƙonka ka sa kowane sabon likita ya san inda zai yi horonsa tun kafin a rantsar da shi, albashinsa kuma ya fara daga watan farko. A bar shugabannin asibitoci su maye gurbin duk wanda ya tafi nan take, ba sai an yi shekara ana jiran izini daga Abuja ba, domin aikin wanda ya tafi a kan wanda ya zauna yake komawa har shi ma ya gaji. A iyakance awannin kwanan aiki, a kuma tsare gidajen ma'aikata. Gwamnoni ne ke da yawancin manyan asibitocin da talaka ke zuwa, ka matsa musu su daidaita albashin likitocinsu da na tarayya, su fifita mai aiki a karkara.

Sannan don Allah, in ka je Shika ko Kano, ka bar manya a ofis ka zauna da 'yan aji biyar da shida, ba tare da 'yan jarida ba, ka tambaye su me zai sa su zauna. Za su gaya maka.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wani uba, Zariya.